Ɗiya Nawa Sunka Zo?

Da malaminmu mai kula da shafin Hausa ya ce kowane ɗayanmu ya kawo labarin wani abu da ya gani a bakin aiki kafin ya zo Kwalejin nan, sai na ga 'yan'uwana duk sun duƙufa, wannan yana rubuta yadda ya gina aji da aikin gayya, wancan yana rubuta yadda yaransa suka ci jarrabawa. Ni kuwa na daɗe ina juya alƙalami, gama aikin da na fi sani aiki ne wanda ya mutu a hannuna, a cikin watannin da ya ke mutuwa kuma Allah ya karɓi ran mahaifina. Abu biyun nan sun sarƙe mini, ba na iya faɗin ɗaya in bar ɗaya, saboda haka ku yi haƙuri ku ji su tare.

Ni mutumin Isa ne, amma a Sabon Birni aka ba ni aikin koyarwa. Garuruwan nan biyu suna gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar Gobir, kowannensu da Sarkin Gobir nasa. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808 Gobirawa suka watsu, waɗansu suka yi arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya fito daga can ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka, sai layin ya ratsa tsakanin wa da ƙane. Na faɗi wannan ne don in kun ji na ce yaro ya ƙetare, kada ku zaci wata uwa duniya ya tafi. Sau da yawa gidan gwaggonsa ya koma, sai dai can da Faransanci a ke karatu, ni kuma ba ni da ikon kiran sunansa.

Ran 27 ga watan Mayu 1820 ba a yi abin da aka yi ran 27 ga watan Mayu 2020 ba, in ji tsofaffinmu, ko da ya ke zamanin yaƙi ne. A ranar ta bayan nan 'yan bindiga suka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe fiye da mutum 70. Waɗanda suka tsira, waɗansu suka ƙetare Nijar, waɗansu suka shigo cikin gari da tabarmi da tukwane bisa kai, suka zauna duk inda suka sami inuwa. Makarantu a rufe su ke a lokacin saboda annobar korona. Da aka buɗe, kullum in na taso daga aji sai in ga yaran ƙauyukan nan sun jeru a bakin taga suna leƙen allo. Abin ya dame ni. Na je wurin Hedimasta na ce ya ba ni ɗaki guda bayan azahar in tara su. Ya dube ni, ya ce, "Malam, za ka iya?" Na ce zan iya. Ku lura fa, ba wanda ya ɗora mini kayan nan, ni na durƙusa na ɗauka.

A farkon 2021 na buɗe aji. Na yi kwana 5 ina bin runfuna da zauruka ina rubuta sunaye, na sami yaro 63, mata 24, sauran maza. Ran da na fara kiran suna, muryoyi 63 suka amsa, har na ji kamar ƙasar Gobir duka ba malami sai ni.

Mutum na farko da na kai wa labari mahaifina ne. Shi manomi ne, gero da damina, albasa a fadama da rani, bai taɓa shiga ajin boko ba. A zamanin En'e, sa'ad da dogarin hakimi ke bin gida gida ana kamun yara elementare, kakata ta saka shi cikin rumbu ta rufe da faifai har dogari ya wuce. Ya kan ba da labarin nan yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da gwamnati ta kawo ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, shi ya riga ya yi aure, sai ya yi alkawari in ya sami ɗa, to, ɗan zai yi masa karatun. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai" ne, ran da na kama alli kuwa sai na zama "Malam," da ɗan ba'a a ciki da kuma abin da ya fi ba'a. Da na gaya masa batun ajin nan, ya ajiye igiyar da ya ke tufka, ya ce da harshenmu na gida, "Malam, ɗiya nawa sunka zo?" Na ce 63. Ya maimaita, kamar mai ƙirga damman gero. Tun daga ranar, duk Juma'ar da na je Isa, kafin in gama gaisuwa sai ya yi mini tambayar nan.

Ba a yi wata biyu ba aji ya fara zuba. Yanzu da na zauna a Kwaleji ina jin darasin tsara aiki, na ga laifina fili, amma a lokacin ban gani ba. Na sa karatu bayan azahar domin lokacin ne ni na ke da sarari, ban tambayi uwa ko ɗaya ba ko lokacin ne ɗanta ke da sarari. Ashe a daidai lokacin ne yaran ke tallan ruwa a tasha, ko su tafi ɗiban itace, abin da za a ci da dare kuwa daga nan ya ke fitowa. Na zaci yaron da ke leƙen taga karatu kaɗai ya rasa. Sa'an nan ban lissafa da zuciyar ɗan gudun hijira ba, wadda kullum a ɗaure ta ke kamar ƙunshin matafiyi. Yau a ji an ce ana rabon abinci a wajen Gidan Rumji, gobe gida 3 sun ƙetare. Da ruwa ya sauka kuma, waɗansu suka ce gara su koma su biya kuɗin da 'yan bindiga suka aza wa ƙauyensu su yi noma, da su zauna a gari suna bara. Ba na ganin laifinsu. Mai iyali ba ya shuka a rajista.

Kun san yadda a ke cika rajista, wanda ya zo a ja masa kara, wanda bai zo ba a yi masa sifiri. Da fari ina yin sifirin da gaskiya. Da na ga shafi ya zama kamar ƙwan zabi a zube, sai wata rana na ce yaron nan ai jiya ya zo, gobe ma zai zo, na ja masa kara. Daga nan hannu ya saba. A watan Yuli yaran da ke zuwa ba su wuce 11 ba, amma takardar wata-wata da na ke miƙa wa Hedimasta ba ta taɓa sauka ƙasa da 50 ba. A Isa kuwa ko ɗaya ban rage ba. Baba ya tambaya, in sunkuyar da kai in ce, "Suna nan, Baba, 63." Ya ce madalla.

Ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi ɗa guda, watau ta hana ni zuwa gida. Na fara tsallake Juma'a ɗaya, sa'an nan biyu, ina fakewa da hanya. Hanyar da gaske ta ɓaci, ba mai musu, tafiyar da a zaman lafiya hantsi guda ce ta zama sai an yi addu'a an yi sallama da iyali. Amma ni na san ba tsoron daji kaɗai ke riƙe da ni ba, tambaya guda na ke gudu. Ganina da shi na ƙarshe a Babbar Salla ne, cikin watan Yulin nan na 2021. Ya yanka mini hanta da hannunsa, ya yi tambayarsa, na ba shi amsata.

A watan Satumba gwamnati ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankinmu, ta hana sayar da fetur a jarka, sa'an nan aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni, wai don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Ba zan yi gardamar dabarar a nan ba. Abin da na sani, mun koma zaman kakanninmu, labari ba ya tafiya sai da ƙafa. Ran 17 ga Oktoba aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo, motoci suka ƙara ɗaukewa daga hanya. A cikin makon da ya biyo baya zazzaɓi ya kama Baba. Kwana 4 ya yi. Aka yi masa sutura, aka kai shi, ni ina Sabon Birni ina ja wa yaran da ba su nan kara. Sai kashegari da la'asar wani direba ya tsaya a ƙofar aji, ya cire hula, bai ce kome ba tukuna, na gane.

Na sami sadakar uku. Na zauna a zaure bisa tabarma, jama'a na shigowa, a yi fatiha, a ce "Ya haƙuri?" in ce "Da godiya." Hawaye ko ɗigo bai zo ba, har na ji tsoron kaina. Da dare na shiga wurin Inna. Ta jawo wata 'yar jaka daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Ya ce in ka taho in ba ka. Na ɗiyanka na." Na kwance, sai ga fensir sababbi, an ɗaure da zaren buhu. Na ƙirga, 12. Na ce, "Inna, dozin guda?" Ta ce, "Ya ce dozin guda ta isa, har ta yi saura."

Na daɗe ban iya magana ba. Can na ce, "Ashe ya sani?" Ta ce tun faɗuwar ruwa ya sani, mai motar da ke ɗaukar masa albasa ya leƙa ajina ya gaya masa. Na ce to me ya hana shi yi mini faɗa, shi da ba ya barin ko kunya guda a karkace a gona? Inna ta gyara kallabinta, ta ce, "Tsoro ya ji kak kunya ta hana ka zuwa gida." Ban gaya mata abin da ya ji tsoro ya riga ya auku ba. Ina zaton ita ma ta sani.

Bayan bakwai na koma Sabon Birni. Ba aji na fara nufa ba, ofishin Hedimasta na shiga, na ajiye rajista, na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ciki ba gaskiya ba ne." Ya buɗe, ya yi ta juya shafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, da gaskiyarsa kuwa, domin da lissafina ya yi ta sa hannu yana aikawa gaba. Ya faɗa mini maganganu waɗanda ba zan rubuta ba, duk na cancanta. Da ya huce ya ba ni jan alƙalami ya ce in zauna nan gabansa in gyara tun daga watan Afrilu. Awa 3 na yi ina mai da kara sifiri. Ban taɓa yin aiki mai ɗaci irinsa ba, amma daren nan ne na fara yin barci tun rasuwar.

Kashegari yara 9 suka zo. Na ɗauko reza na zauna bakin ƙofa ina fiƙe musu fensir ɗaya ɗaya. Ina cikin fiƙe na huɗu sai kukan da ya ƙi zuwa a zaure ya zo mini gaba ɗaya, a gaban yara, ban iya tsai da shi ba. Ba wanda ya yi dariya. Yawancinsu sun riga ni sanin maraici. Wani ɗan yaro daga Garki, wanda bai fi shekara 8 ba, ya matso ya karɓi rezar daga hannuna don kada in yanke, ya ce, "Malam, sai haƙuri," da irin muryar da manya suka yi ta gaya masa.

Sa'an nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na bi uwayen ɗaya ɗaya na tambaye su. Suka ce da safe bayan an ɗebo ruwa yaran ba su da aiki, abin da ya hana su makarantar safe rashin riga ne da kunyar 'yan gari. Hedimasta ya yarda su shigo da kayan jikinsu. Na je Isa sadakar arba'in na komo, bayan kwana kaɗan, ran 6 ga Disamba, aka ƙone motar matafiya daga Sabon Birni a kan hanyar nan da na bi, mutum fiye da 20 suka halaka. Mako guda ba yaron da ya fito. Da aka koma hutu a farkon 2022 na rufe ajin azahar da hannuna, na mai da mabuɗi, yaran nan 9 aka raba su aji ɗaya da aji biyu. Daga 63 abin da na tsirar ke nan, kuma haka na rubuta a takardar ƙarshe.

Ana saura 'yan kwanaki in taho Kwaleji, wata yarinya daga cikin waɗanda suka ƙetare ta komo da uwarta. Ta same ni a bakin makaranta, ta gaishe ni da Faransancin da ta tsinto, sa'an nan ta ce, "Malam, sunana yana nan?" Na buɗe tsohuwar rajista na nuna mata, da jerin sifiri ja a gabansa har ƙarshen shafi. Na kai ta aji ɗaya, na ba ta fensir na 10. Saura 2 suna nan cikin akwatina a ɗakin kwana, da zaren buhunsu, ban fiƙe su ba tukuna.