Zamanin Gidan Gem a Dogon Dutsi

A Dogon Dutsi na ƙuruciyarmu ba wanda ya san faifan gem yana da na asali da na jabu. Faifai dai faifai ne. In ya tashi, madalla. In ya ƙi, a hura masa iska, a goge da gefen riga, a sake sakawa ana addu'a.

Kayan duk daga Najeriya suke shigowa, wasu ta Illela da Ƙonni su biyo gudron, wasu ta ɓangaren Kabi a bayan babur. Hatta kuran ɗin da ke kunna telen daga madatsar Kainji ya taso. Da farko kwaikwayon na'urar Nintendo ce, mai kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni 9999, alhali Mario ne da Contra da harbin agwagi suke ta maimaita kansu. PlayStation 2 ta fito a 2000, amma sai bayan shekaru ta iso mu, ita ma ta hannu, mai gyara ya riga ya buɗe cikinta ya liƙa ɗan guntun da ke sa ta karanta kofi. Daga ranar teburin babifut ya fara kwana da ƙura.

Gidan gem ɗinmu rumfa ce ta kwano, da benci biyu da tele mai ƙaton ƙeya. Dala goma wasa guda, wanda aka ci shi zai biya ya miƙa manet. Winning Eleven na kamfanin Konami muke bugawa, rubutunsa duk Japananci, mun haddace inda ake latsawa ba tare da mun karanta ko harafi ba. Da PES 6 ta zo a 2006 sai aka yi doka: ba mai ɗaukar Inter, domin in Adriano ya saki ƙafar hagu sai dai gola ya ɗauko ƙwallo a raga. Masu Eto'o da masu Drogba kuwa har gaba suke yi. Ƴan Tibiri da Kore Mairuwa da Gesheme da suka zo karatu Dutsi, suna zaune gidajen dangi, nan kuɗin kalacinsu ke ƙarewa, kuma su suka fi mu iyawa, abin da har yau yake mini ciwo.

Yanzu ina jin ana muhawara ko satar fasaha tana karya masu ƙera gem. A kanmu dai, ban ga ko dala da Konami ya yi asara ba. A lokacin, sabon faifai a Faransa wajen Yuro 60 ne, kusan jika 40, kuma daga Matankari har Dosso babu shagon da ke sayar da shi. Da an hana kofi, babifut za mu koma. Wani binciken da Tarayyar Turai ta sa aka yi a ƙasashe 6, wanda ya fito fili a 2017, bai samu hujjar cewa kofi na rage cinikin gem ba. Inda ya ga ɓarna sosai a sababbin fina-finai masu tashe ne. Kamfanonin ma sun gano hanyarmu daga baya. A 2021 Konami ya mayar da PES ta zama eFootball, saukewa kyauta, sai ka shiga a fara sayar maka da ƴan wasa. Ɗan ƙanwata yana zuwa ya ce, "Kawu, a taimaka da jika biyu," wai zai sayi lu'ulu'u a Free Fire.

Waɗanda hannunmu ya taɓa da gaske suna kusa. A wancan zamanin, a tire ɗin da ake tallar faifan gem, nan ake jera fina-finan Ibro da na Ali Nuhu, yawancinsu kofi. Su kam mu ne kasuwarsu. Furodusa a Kano ya ci bashi ya yi fim, ya kai Ƙofar Wambai, kafin sati ya zagayo an buga dubbai a wani ɗaki, murfin ma hoton hoto ne. Ba shi da masu saye a Tokiyo ko Paris da za su cike masa giɓin. Sannan masu tura fim a waya suka zo suka ƙarasa kasuwar faifai, har masu shirin suka koma YouTube da Arewa24 da dogon zango irin su Labarina da Izzar So. Mai gidan gem ɗinmu ma da yara suka koma waya sai ya sayar da telen, ya sayi kwamfuta, ya koma cajin waya da tura fina-finan Hausa.