Ranar da Na Kai Uwargida Rumfar Tuwo

Kowa a ƙasarmu ya san kasuwar Makarfi da ke ci ranar Laraba. Daga Taba mukan je can sayayya, musamman da kaka, sa'ad da rake ya cika bakin hanya, manyan motoci suna ta lodinsa. Bayan tasha akwai wata rumfa ta kwano, da labule a ƙofa, da benci uku, da tebur mai gajeriyar ƙafa wadda aka tokare da dutse. Wata dattijuwa ce ke sayar da abinci a ciki. Ba allo, ba suna, ƙanshin daddawa ne ke kiran mutum.

Na daɗe ina cin abinci a wurin. In na karɓi albashi, ko an aike ni da takardun makaranta, sai in ratse in ci tuwon shinkafa da miyar taushe, a ɗora mini nama. Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Namiji ne ke cin abinci a kasuwa, haka muka tashi muka tarar. Mace kuwa in an gan ta zaune a rumfar tuwo, sai a ce ko ba ta iya girki ba, ko gidanta ba lafiya.

Na taɓa karantawa cewa a ƙasar Ostiriya, can Turai, ƙananan gidajen abinci na unguwa sukan keɓe tebur guda domin masu zuwa kullum, baƙo ba ya zama a kansa sai an kira shi. Na yi dariya, gama bencin da ke kusa da murhu a rumfar nan haka yake: direbobi biyu, da wani dillalin rake, da ni.

A Disamba ta 2023, muna hutun makaranta, muka tafi kasuwa da uwargida sayen kayan Kirsimeti na yara. Shekarar ce aka cire tallafin man fetur, kome ya yi tsada, kuɗinmu kuwa kaɗan ne. Muka yi ta zagaye muna tayi har azahar ta wuce. Na dube ta, leɓenta ya bushe, tun asuba kunu kaɗai ta sha. Na ce, "Zo mu ci abinci."

Ta ce, "A kasuwa, Malam? In matan Zumunta suka gan ni fa?"

Da ƙyar ta biyo ni. Muna ɗaga labule hira ta tsaya, 'yan bencina suka matsa gefe. Dattijuwar ta ɗago kai ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Kamar kullum? Malmala biyu, nama uku? A'a, yau har da uwargida! Sannu, 'yata."

Ya mai karatu, da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. A gidanmu nama sai ranar Lahadi, wata Lahadin ma babu. Sau nawa na ce mata ta yi haƙuri, albashi bai isa ba? Ga shi an faɗa a gabanta, da murya mai daɗi kuwa, ba da nufin tona asiri ba. Uwargida ba ta ce kome ba.

Tana zama ta sāke miƙewa, wai za ta ɗebo mini ruwan wanke hannu. Dattijuwar ta ce, "Zauna, 'yata, yau ke baƙuwa ce." Wata yarinya ta kawo buta ta zuba mata. Na ga ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Shekara 19 muna tare, in ban da lokacin jego, ban tuna ranar da ta zauna aka kawo mata abinci ba. Ko a bukin ikkilisiya, muna cikin rumfa, su suna bakin murhu. Sau da yawa na koya wa yara labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10, kullum ina ba Marta laifi, ban taɓa tambaya wa zai karɓi muciya daga hannunta ba.

Da aka ajiye kwanuka na kai hannu, sai na ga ta sunkuyar da kai. Ta yi addu'ar godiya a hankali, dillalin rake ya dakata da cinsa har ta gama. Ni da nake malamin makarantar ikkilisiya, ban taɓa yin haka a bencin nan ba.

Ta ci sannu sannu. Ta yaba kabewar, ta ce gyaɗar ta ɗan yi yawa, suka shiga gardamar miya da dattijuwar kamar sun shekara da sanin juna. Har na ji ta yi dariya. Amma namanta ba ta taɓa shi ba. Ta roƙi leda ta ƙulle shi domin auta. Na tura mata nawa, ta karɓa ba tare da ta dube ni ba.

Sai da mota ta fita gari, muna matse da buhunan mutane, ta ce a hankali, "Nama uku, Malam?" Na ce ta gafarta mini. Ta ce Allah ya gafarta mana duka, ta juya tana duban gonakin rake.

Sau biyu muka koma rumfar tare. Na ukun ta ce in ba ta kuɗin mu biya wurin mahauta, ita ta fi dattijuwar iya taushe.