Sauri ya haifi nawa

Wani makaniki a Maradi ya karɓi aikin haɗa buwat otomatik da moter. Buwat ta ƙi zama, saura rata kamar faɗin yatsa. Mai mota na tsaye yana jira, sai makaniki ya ɗaure ƙusoshi da ƙarfi. Aka ji ƙas! Famfon mai ya fashe, domin konbertiser, kwanon nan da ke tsakanin moter da buwat, bai gama shiga ba. Daga aljihunshi ya biya.

Yau ga abin da yake koya ma yaranshi: a juya kwanon ana turawa har ya kai ƙarshe, a daidaita turaku 2 da ramunansu, buwat ta manne da hannu. Aikin ƙusa riƙo ne, ba jawowa ba.