Kazar Sinawa a Kaskon Ƙosai

Akwai abokan alƙalami da ke ganin duk wanda ya ɗora tukunyar abincin wata ƙasa a gidansa ya raina tuwon gidansu ne. Ni kuwa na daɗe ina dafa wa iyalina wata kaza ta Sinawa da ake kira Kung Pao, irin wadda ake saye a ƙunshe daga gidajen abincinsu a tafi da ita gida, kuma har yau ban ga ta rage wa miyar kuka daraja ba. Abin da ma ta koya mini shi ne yadda ake aro cikin mutunci.

Asalin wannan girki daga lardin Sicuwan yake, kuma an ce sunan ya samo tushe ne daga muƙamin Ding Baozhen, gwamnan lardin wanda ya rasu a 1886. Jigoginsa uku ne: kaza, busasshen barkono da gyaɗa. Mai karatu zai ce ai waɗannan kayanmu ne. To, su ma Sinawa haka suke ɗauka, alhali kuwa gyaɗa da barkono duka daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen fataken Turai suka yaɗa su a duniya bayan shekarar 1500. Wato da mu da su duk aro muka yi, sai dai kowa ya riƙe abin har ya zama ɗan gida.

Da girkin ya isa Amurka sai ya sake kama, aka ƙara masa sukari da tattasai. Bugu da ƙari, daga 1968 zuwa 2005 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da wani yaji na Sicuwan mai sa harshe ya yi dindiris, don tsoron cutar itatuwan lemo. Saboda haka masu gidajen abinci da yawa suka riƙa girki babu shi.

Ga yadda nake yin tawa. Nakan sami rabin kilo na tsokar cinya, domin ta fi ƙirji jure wuta, in yayyanka daidai kan babban yatsa. Sai in cuɗe ta da cokali 1 na baƙin ruwan waken soya da cokali 1 na sitacin masara, in ajiye minti 20. Sitacin nan shi ke lulluɓe naman ya hana ruwansa tsiyayewa, shi ya sa yake fitowa da laushi. A wani ƙoƙo kuma in haɗa ruwan soya cokali 2, ruwan khal cokali 2, sukari cokali 1, ɗan sitaci da ɗan ruwa. Citta, tafarnuwa da albasa mai lawashi duk sai an yanka su an jera tun kafin a hura wuta, domin kuwa shiri yakan ci minti 40, suyar kanta ba ta wuce minti 5.

Kaskon suyar ƙosai ya wadatar, don siffarsa kusan ɗaya ce da ta kaskon Sinawa. Idan mai ya yi zafi ƙwarai sai a jefa barkono, kafin ya ƙone a zuba kaza. In wutar gidan ba ta da ƙarfi, a raba naman kashi biyu, in ba haka ba zai saki ruwa ya koma dahuwa. Daga nan sai citta da tafarnuwa, sai haɗin ƙoƙon nan, soyayyar gyaɗa kuwa ita ce ta ƙarshe don kada ta yi sanyi.

Abu biyu na musanya. Sinawa da dama sukan sa giyar shinkafa a jiƙon naman, ni kuwa ba na sawa, kuma ban zama bare ba, tunda a ƙasar Sin ɗin ma akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu girkin halal. Yajin Sicuwan kuma, idan babu shi, nakan barbaɗa ɗan garin fasakwari, wanda danginsu ɗaya a itatuwa. Amma zafin wuta, da jerin abin da ke riga wani shiga kasko, da daidaiton tsami, zaƙi da yaji, waɗannan ba na taɓa su. Wanda ya taɓa su ya soya kaza dai, amma ba Kung Pao ba.

A nan ne nake tuna muhawarar shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano, inda aka zargi wasu marubuta da kwaikwayon finafinan Indiya. A ganina aron ba shi ne laifin ba. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, amma wa ke jin ƙanshin baƙunta a ciki? Ya gane abin da ke riƙe da labari ya bar shi yadda yake, sauran kuwa ya sa musu rigar gida.

Saboda haka, ya kai sabon marubuci, kafin ka ari abin wani, zauna ka san shi ciki da bai, ka rarrabe ginshiƙi da ado. Wanda bai san dalilin sa sitaci a nama ba, ba zai san ranar da za a iya barinsa ba. Allah ya sa mu dace, amin.