Hollywood: Inda Na Taya Ɗakin Otal Tun Ban San Sunansa Ba

Duk wanda ya taɓa sayen shadda a Kantin Kwari ya san dokar ciniki. Ka taɓa kaya, ka ɗaga, ka duba, sannan ka taya. Mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka ya ce kawo kuɗin. To mai karatu, su ma Amurkawa sun taɓa ƙirƙiro nasu tayin a intanet, sai dai nasu na makafi ne. Ka taya, ka biya, sai bayan kuɗi sun fita daga aljihunka sannan a gaya maka abin da ka saya.

Kamfanin da ya yi suna a wannan harka shi ne Priceline, wanda wani mai suna Jay Walker ya kafa, ya fara aiki a 1998 da tikitin jirgin sama, daga baya ya ƙara da ɗakunan otal. Ni a 2009 na gwada shi, lokacin da na je Los Anjalis a Jihar Kalifoniya. Kwana uku kacal gare ni a garin, kuma abu ɗaya ya kai ni: in taka Hollywood da ƙafata. Guzurina kuwa ba na furodusa ba ne. Otal ɗin kirki a unguwar, kwana ɗaya sai ya cinye kuɗin abincina na mako.

Wani ƙanen abokina da ke karatu a can shi ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Ya ce, "Yaya, in kana da taurin rai akwai hanya." Na ce masa ai taurin rai ne ya kawo ni nan daga Kano.

Ga yadda abin yake a lokacin. Za ka rubuta garin da kake so da ranakun da za ka kwana. Sai su nuno maka taswirar garin an yayyanka ta shiyya-shiyya: ga Hollywood, ga Beverly Hills, ga tsakiyar gari, ga wajen filin jirgi. Ka zaɓi shiyya. Ka zaɓi darajar otal, daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Sai ka rubuta abin da za ka iya biya a kowane dare, ka saka lambar katin bankinka, ka danna. In akwai otal a shiyyar da ya yarda da tayinka, nan take za a cire kuɗin, sunan otal ɗin ya fito. Daga nan babu fasawa, babu canjin rana, babu mayar da ko kwabo. Ko biza aka hana ka, ko jirginka ya makara, kuɗi sun tafi.

Za ka ce to me ya sa otal mai daraja zai yarda ya sayar da ɗakin dala 200 a kan dala 90? Dalilin ba boyayye ba ne. Ɗakin otal ba buhun gero ba ne da za a ajiye shi zuwa bazara ya yi tsada. In daren yau ya wuce babu kowa a ciki, kuɗin daren nan sun salwanta har abada, alhali an biya ma'aikata, an biya wuta. Gara rabin kuɗi da babu. Amma fa otal ba ya son duniya ta ji ya karya farashi, domin wanda ya biya 200 a ɗakin da ke kusa da naka ba zai ji daɗi ba, gobe kuma kowa 90 zai nema. Shi ya sa ake ɓoye suna. Kai ka samu sauƙi, shi ya rufa wa kansa asiri.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne, babu wani manaja da ke zaune yana duba tayinka yana shafa gemu. Otal-otal ɗin sun riga sun ba kamfanin mafi ƙarancin abin da za su karɓa, kwamfuta ce kawai ke gwada tayinka da shi. Ke nan in ka zarce, babu mai ce maka Alhaji ka yi yawa, ga canjinka. Dabarar duka ita ce ka fara daga ƙasa ka riƙa hawa a hankali.

Su ma sun san da haka, sai suka sa doka: in aka ƙi tayinka, sai ka jira awa 24 kafin ka sake, sai fa in ka canja wani abu, kamar rana, ko daraja, ko ka ƙara wata shiyyar. A nan ne yaron nan ya nuna mini wayon 'yan gari. Mun taya mai tauraro huɗu a Hollywood dala 70. Aka ce albarka. Sai ya nemo wata shiyya da ya tabbatar babu otal mai tauraro huɗu a cikinta ko ɗaya, ya ƙara ta. Ka ga ke nan a idon kwamfuta mun canja wani abu, amma a zahiri ba yadda za a yi a jefa mu can. Muka taya 78. Albarka. Ya sake nemo wata irinta, muka ce 85. Albarka dai.

Irin waɗannan shiyyoyi suka ƙare mana. Saura zaɓi biyu: in jira gobe, ga shi jibi zan shiga garin daga inda na sauka, ko in ƙara shiyyar da ke da manyan otal-otal da gaske, in karɓi duk inda aka jefa ni. Kuma a Los Anjalis wannan ba ƙaramar magana ba ce. Garin shimfiɗe yake kamar tabarma, ba shi da iyaka, kuma wanda ba shi da mota maraya ne. In aka kai ka wajen filin jirgi don ka samu rangwamen dala 20, sai tasi da cunkoson motoci su karɓe ninkin abin da ka tsira da shi, su haɗa da rabin yininka. Ya ce, "Yaya, kar mu taɓa filin jirgi. Mu sa tsakiyar gari, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa daga can har Hollywood." Muka sa, muka ce 90. Shafin ya yi ta juyawa, ni kuwa gabana na dukan uku-uku kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai ga suna ya fito. Tsakiyar gari, wani dogon bene na 'yan kasuwa da masu taro, waɗanda kan watse a ƙarshen mako su bar ɗakuna fayau. Da aka ɗora haraji da ladan kamfani, kuɗin sun ɗan haura abin da na taya, wannan kuma tun kafin ka danna ake nuna maka.

Ɗakin dai tsaf, sai dai tagarsa bango take kallo, kuma karin kumallo da kuɗinka. Wanda ya zo da farashin tayi ba shi ake ba ɗaki mai kallon duwatsu ba. Alƙawarin da aka yi maka shi ne wurin kwanan mutum biyu, ba a ce gado ɗaya ne ko biyu ba. Don haka ayarin 'yan fim da ke son cusa mutum biyar a ɗaki ɗaya kamar a lokeshin, wannan hanya ba tasu ba ce.

Da safe na shiga jirgin, cikin kamar minti 20 na fito a tashar Hollywood da Highland. Gaskiyar magana, titin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Shagunan tsaraba ne, da masu sanye da kayan Spider-Man suna neman ka ɗauki hoto ka ba su na goro, da mabarata a gefe. Amma da ka sunkuyar da kai ka ga taurarin nan a daɓe, kowanne da sunan wani da ka sha gani a talabijin, sai jikinka ya yi yar. Nan ne gidan da ake bikin Oscar, a lokacin sunansa Kodak, tun 2012 kuma ya koma Dolby. A watan Fabrairun shekarar da na je ne Slumdog Millionaire ya kwashe kyauta 8 a cikinsa, A.R. Rahman ya tafi da biyu. A bakin ƙofar ginin na ga abin da ya fi komai burge ni: tauraron Muhammad Ali, wanda aka ba shi a 2002, shi kaɗai ne manne a bango. Ya ƙi yarda a sa shi a ƙasa mutane su riƙa taka sunan da yake ɗauke da shi. Tsallaken titi kaɗan ga otal ɗin Roosevelt, inda aka yi Oscar na farko ranar 16 ga Mayu, 1929, bikin da bai wuce minti 15 ba. Na shiga na zaga falonsa na fito, kallo ai kyauta ne.

Harkar tayin ma tana da nata jarumin. William Shatner, wato Kyaftin Kirk na Star Trek, shi ne ya yi wa Priceline talla tun farkonsa, daga baya suka mai da shi wani gwanin ciniki mai karate yana murƙushe farashi. A Janairun 2012 sai suka yi wata talla inda motar bas ta faɗa daga kan gada da shi a ciki, wai ya mutu, don kamfanin na son jawo hankalin mutane zuwa ɗakunan da farashinsu ke rubuce. Ka san halin 'yan fim, bayan 'yan watanni sai ga shi ya dawo da ransa. Dattijon nan dai a 2021, yana da shekara 90, har sararin samaniya ya leƙa da gaske.

Shi tayin kansa bai yi sa'ar Shatner ba. Da wayar hannu ta karɓe kasuwa, mutane suka daina haƙurin zaman taya-in-ƙara. A 2016 kamfanin ya rufe tayin tikitin jirgi, na motocin haya da na otal suka bi baya. Uwar kamfanin ma, wadda ta sayi Booking.com a 2005, ta canja suna zuwa Booking Holdings a 2018. Abin da ya gaje shi shi ne irin cinikin da Hotwire ya fara tun 2000, Priceline kuma ya kira nasa Express Deals: a nuna maka unguwa da taurari da farashi a rubuce, sunan otal ne kawai a rufe sai ka biya. Sharaɗin rashin mayar da kuɗi yana nan yadda yake, don haka mai niyyar gwadawa ya bari sai biza ta fito, tikiti ya zo hannu, ya kuma buɗe taswira ya ga ko akwai tashar jirgi kusa da unguwar kafin ya danna.