Baba ya ce in ba shi ma'auni

Daren Talatar da ta wuce, cikin shirinmu na kiran waya, wani dattijo daga wajen Gidan Rumji ya yi mini tambayar da har yanzu take cina. Ya ce: "Ɗana, an ce mutum talatin ne ke neman kujerar ranar 27 ga Disambar 2020. Kai da ka yi lakwal, gaya mini wa zan zaɓa." Na ce mishi Baba, aikina bai yarda in kama suna ba. Ya yi dariya ya ce: "To in babu suna, ba ni ma'auni." Lokaci ya ƙare, aka sa talla. Bashin nan na zo biya.

Bari in fara da laifina. Zaɓen 2004 shi ne na farko da na yi, ina ɗan lise. Aka kawo ma fadarmu riguna masu hoto, da sukari da ganyen shayi, da jikka biyu. Wallahi ko layi ɗaya ban karanta ba cikin alkawuran ɗan takarar. Shayin ya ƙare cikin mako guda, rigar ta yage kafin damina, ƙuri'ar kuwa shekara biyar ta yi tana aiki.

A 2005 yunwa ta shigo, bayan fari da farar dango sun cinye gonaki. Mu na Maraɗi mun ga mata goye da yara masu tamowa suna layi tun asuba, a ƙauyuka ana jiƙa anza. A sama kuwa ana ta gardama ko abin ya isa a kira shi yunwa. Nan na samu ma'aunina na farko: shin mutumen nan yana iya jin labari marar daɗi? Ku lura da shi in ɗan jarida ya yi mishi tambaya mai zafi. In ya hasala tun yana roƙon ƙuri'a, ranar da ya shiga fada ba wanda zai iya ce mishi rumbu ya ƙare.

Na biyu, ya san sauka? Marigayi Baba Tandja, Allah ya jiƙan shi, ya gina azuzuwa da rijiyoyi da ɗakunan shan magani a karkara, ba mai musun wannan. Amma tazarce ta zo a 2009, aka rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ranar 18 ga Fabrairun 2010 soja suka karɓe mulki. Daga 1960 har zuwa 2020 ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa ma wani zaɓaɓɓe ba a ƙasar nan. Don haka ku duba yadda mutum ke riƙe da jam'iyyarshi. Wanda ba ya barin kowa ya yi tsawo kusa da shi, da wuya ya bar kujera cikin daɗin rai.

Na uku, amana. Da yawansu ba baƙi ba ne, an yi minista, an yi depite, wasu har firaminista. Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Me ya yi da ƙaramar kujerar da aka ba shi? Kowa a wurin mitin yana cewa zai kawo tsaro. Iyalan sojojin da suka faɗi a Inates da Shinagodar sun ji wannan magana, haka manomin Madarunfa da aka kore ma shanu cikin dare. Ku tambaye shi ta yaya, da wane kuɗi. Wanda ya yi nazari zai amsa, wanda bai yi ba sai ya koma zagin abokin hamayya.

Na san wani zai ce shi dai ɗan yankinsu zai yi. Ina jin ka, ɗan uwa. Sai dai ran da tiyar hatsi ta hau, mai awo ba ya tambayar garin da shugaba ya fito.

Baba na Gidan Rumji, ma'aunin ke nan, gwargwadon sanina. A karanta maka, ka auna su da kanka, ka adana katinka. Talata mai zuwa layi a buɗe yake, in na yi kuskure ka gyara mini. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya sa a yi lafiya a gama lafiya.