Mariƙin Taga: Tun Ran Gini Ran Zane

A wannan wata ina so in yi magana a kan wani abu da jama'a da yawa za su ce bai kai a ɓata masa takarda ba, wato mariƙin taga, ko hannun taga kamar yadda wasu ke cewa, wanda masu kantin kayan gini ke kira poignée da Faransanci. Abu ne da bai fi tsawon tafin hannu ba, amma in ya karye, taga ta tashi daga aiki: ko dai ta zauna a rufe kamar bango, ko ta zauna a buɗe kamar rami.

Duk wanda ke shakka, ya zaga unguwanninmu a nan Mayo-Ulo, ko Durbeyi, ko Gidar, ya riƙa duban tagogi. Zai ga wadda aka ɗaure da waya, da wadda aka tokare da sanda, da wadda aka buga wa ƙusa, da wadda mai walda ya liƙe ta gaba ɗaya don a huta. In ka tambayi maigidan, sai ya ce ai hannunta ne ya karye, za a gyara. Wani "za a gyara" ɗin ya shekara biyar.

To, mu nan ba ƙasar da za a yi wasa da iska ba ce. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Garwa da kewaye yakan haura digiri 40, kuma lokacin ne na sanƙarau. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya da Nijar, kuma har yanzu ma'aikatan asibiti suna gargaɗi a kan cunkuso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Da hunturu wasu kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, alhali hayaƙinsa marar launi marar wari yana kisa a ɗakin da yake rufe ruf. Da damina kuma tagar da ta ƙi rufuwa hanya ce ta feshin ruwa da sauro, ban da ɓarawo, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A tsawon rayuwata na ga tagogi iri biyar. Ɗakin kakata ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama, wadda ake toshewa da tsumma in sanyi ya zo. Daga nan aka shiga yayin tagar katako da langa-langa mai sakata, wadda in ta lalace maƙerin unguwa ke gyarawa kafin a yi la'asar. Da kuɗin auduga ya fara shigowa sosai, bayan kafa Sodecoton a 1974, sai masu hali suka koma gini da simintin Figil, suna sa naco, wato tagar nan mai fallayen gilashi jere. Bayanta tagar ƙarfe ta masu walda ta zo, sannan ta alminiyum mai turawa gefe. Yanzu kuma a Garwa da Marwa an fara ganin tagar Turai mai gilashi biyu a otal-otal da ofisoshi da gidajen wasu attajirai.

Abin da na lura da shi shi ne, duk sa'ad da taga ta ƙara kyau, sai wurin neman mariƙinta ya ƙara nisa. Na sakata yana bakin maƙera. Na naco yana Gidar. Na alminiyum sai ka je Garwa, tafiyar da ta haura kilomita 100 in ka bi ta Gidar. Na mai gilashi biyu kuwa, wani lokaci sai an aika Duwala, ko ma ƙetare.

Bari in yi wa mai karatu bayanin ita wannan mai gilashi biyun. Fallen gilashi biyu ne ake haɗawa a bar tazara tsakaninsu, galibi milimita 12 zuwa 16, a cika ta da busasshiyar iska ko wata iska da ake kira argon, a liƙe gefen. Wannan tazara ce ke hana zafi da ƙara wucewa da sauri. Turawa sun rungume ta ne sosai bayan tashin farashin man fetur na 1973, don ɗumin da suka saya da tsada kada ya tsere waje. A wajenmu aikinta shi ne riƙe sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Ke nan in wuta ta ɗauke, ɗakin ba shi da wata mafita sai a buɗe tagar, ita kuwa ba ta buɗuwa sai da mariƙinta.

Na ga wannan da idona a gidan wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ke kasuwanci a Garwa. Da Allah ya hore masa ya gina gida, sai ya sa irin waɗannan tagogi a ɗakin mahaifiyarsa don ta ji daɗin tsufa. Ana cikin bazara mariƙin tagar ya fara juyawa a banza, tagar tana kulle. Wanda ya sayar masa da tagogin ya ce shi taga yake sayarwa, ba ya ajiye kayan gyara. Wani yaro mai gyara ya zo ya ce a fasa a sa sakata. Tsohuwa dai ta ɗauki tabarmarta ta koma gindin darbejiya a tsakar gida, ta ce masa, "Ɗan nan, ka mai da ni ɗakina na da, ko ba komi tagarsa tana jin magana." Da na je gaishe ta, sai ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, dubi abin kunya, na kashe kuɗi don Inna ta huta, ga ta tana kwana waje." Muka sami wani dattijo mai aikin alminiyum, ya kwance mariƙin ya auna, ya yi saƙo Duwala. Sai da aka yi mako uku kafin ya iso, ɗaura shi kuwa bai ɗauki minti goma ba.

Daga wajen wannan dattijo na koyi abin da zan faɗa yanzu. A gindin mariƙin akwai wani ɗan murfi, in ka ɗan jawo shi ka juya shi gicciye za ka ga noti biyu. Ka kwance su da sukuddireba, mariƙin zai fito da wani ɗan sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu a bayansa, wanda ake kira carré. Shi ne ke shiga cikin injin kulle da ke ɓoye a jikin tagar, wato crémone. Awo uku ake bukata. Na farko kaurin sandan, wanda a yawancin tagogin Turai milimita 7 ne. Na biyu tazarar da ke tsakanin notin biyu, daga tsakiya zuwa tsakiya, galibi milimita 43. Na uku tsawon sandan, kuma nan ne ake samun bambanci. In ya yi gajere ba zai kama injin ba, in ya yi tsawo mariƙin ba zai zauna ba, sai dai shi mai tsawon ana iya rage shi da zarto. A kula, yawancin mariƙan ƙofa sandansu milimita 8 ne, kada mai kanti ya ce maka duk ɗaya ne.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbatar mariƙin ne ya lalace. Ka sa sandan a raminsa ka juya shi da filaya a hankali. In tagar ta buɗe, to mariƙi kawai za ka saya. In sandan yana juyawa ba abin da ya motsa, ciwon yana cikin injin ne, sabon mariƙi ba zai yi magani ba. Wajen ɗaurawa kuma, tagar ta kasance a buɗe, sabon mariƙin ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta lokacin da aka cire shi. Bugu da ƙari, akwai irin da ke buɗuwa hanya biyu: mariƙi ƙasa kulle, a kwance buɗewa gaba ɗaya, sama kuma ta ɗan kishingiɗa iska ta shiga ta bisa. Irin wannan ba a juya mariƙinta tana buɗe, don injin yakan cije. Wannan ya kamata a koya wa yara da masu aikin gida.

Na san mafi yawanmu ba mu da irin wannan taga, amma darasin ɗaya ne. Naco ana sayar da ƙarafunta ne biyu-biyu, gefe ɗaya mai mariƙi, ɗayan babu, kuma da yake mariƙin a manne yake da jikin ƙarfen, sau da yawa sai dai a sauya gefen gaba ɗaya. Saboda haka ka ƙirga yawan fallayen gilashin, ka auna faɗin falle ɗaya, don akwai mai inci 4 akwai mai inci 6, ka kuma lura ko mariƙin na dama ne ko na hagu. Tagar ƙarfe mai mariƙi mai baki ita ma akwai ta dama da ta hagu. Ta alminiyum kuwa kowane samfuri da irin makullinsa, wani a lanƙwashe kamar jinjirin wata, wani a nutse cikin jikin tagar, kuma ba sa shiga wa juna.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu musamman, mu mazauna bakin iyaka. Kayanmu rabi daga Mubi suke shigowa, rabi daga Duwala ta Ngaundere. Masu sana'a a Nijeriya sun saba awo da inci, namu na Kamaru da santimita da milimita, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Sai ka ga mutum ya yi awo da kara ko da ɗan yatsa, ya ba direba saƙo, direba ya faɗa wa yaron kanti da Fulatanci, yaron kanti ya faɗa wa maigidansa da Faransanci, a kawo abin da bai shiga ba, kuɗi sun tafi. Maganin wannan ɗaya ne: ka kwance tsohon mariƙin da notinsa, ka ƙulle a leda ka tafi da shi, ko ka ba ɗan saƙo. Ƙarfe ba ya bukatar tafinta.

Wajen zaɓe kuma, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Yawancin masu araha da gamin tutiya ake zuba su, suna da sheƙi amma ɓallewa suke yi farat ɗaya, kuma mai walda na unguwa ba ya iya haɗa su. Na roba rana ce ke cinye shi har ya yi ta marmashewa. Ka ɗauka ka ji nauyinsa, ka juya ka ji ko yana tsayawa daram a kowane matsayi. Araha ba ta ado. In ɗakin yara ne a bene, ka nemi mai mabuɗi, amma mabuɗin ya zauna kusa inda kowane babba ya sani, saboda gobara.

Sannan a sani, mariƙi ba ya karyewa haka kawai, ƙarfi ake sa masa. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan cika magudanar taga, tagar ta yi tauri, a yi ta fama da mariƙin har ya gaji. In hunturu ya wuce, a share ƙurar da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Kada a sa man gyaɗa ko manja, don daskarewa suke yi su kama ƙura.

Shawarata ga duk mai shirin gini ita ce, kafin ya tambayi kuɗin taga, ya fara tambayar inda ake sayar da mariƙinta. In mai sayarwa ya kasa nuna masa, ya nemi wata. In ya nuna, ya sayi biyu ko uku na ajiya tun a ranar, ya sa a akwati tare da takardun gida. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya, sun san yadda kayan waje kan gagari talaka ba sallama. Samfuri ma yakan ɓace daga kasuwa bayan 'yan shekaru.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, kafin bazara ta kama a zaga a ƙirga tagogin da ba sa buɗuwa. Yara hamsin ko sittin a aji ɗaya, rabin tagogi a liƙe, wannan alhaki ne a wuyanmu, kuma kuɗin gyaran bai kai abin da muke tarawa a biki ɗaya ba. A sa matasa biyu su ɗauki awo, a haɗa saƙon Garwa gaba ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.